Ruwan da Muka Bar wa Juna

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗana na fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya tsare ka a gida, Ya tsare ka a daji, Ya raba ka da sharrin hanya da na rana. Amin.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga mutumin da katanga ɗaya ce ta raba ɗakinsa da naka. To, ka san halinmu. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar hira ba, kai ma in ka tarar da ni a zaure sai ka sunkuyar da kai kamar mai neman allura. Haka muka taras, haka muka yi. Amma maganar da ke cikina ta fi ƙarfin "a dawo lafiya", kuma na san in na ce da baki zan faɗe ta, a tsakiya zan tsaya in shiga tambayarka ko ka ba tumaki dusa. Shi ya sa na ari biro wajen ƙanwarka.

Mahaifiyarka ta ce mini za ka bi surukinka Alhaji, baban matarka, ku shiga kasuwannin Nijar ku sayo dabbobi, ku koro su da ƙafa har kasuwar Mai'adua. Ta ce ku biyu ne kawai, don masu yi masa kora sun tafi cin rani. Ban hana ba. Sana'a ce ta halal, Alhaji kuwa ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri. Amma tun da na ji "ku biyu" tuwo bai ƙara yi mini daɗi ba. Bazara ce, kuma ka ga irin ranar da ake yi bana. Ba ɓarayi nake ji maka ba, ko da yake akwai su. Tsorona ɗaya ne: ku fita ku biyu, ɗaya ya dawo yana tafiya, ɗaya a kwance, saboda ƙishirwa da kunya. Na taɓa yin irin wannan tafiya da nawa surukin, kakanka na wajen uwa, kuma ka san inda kabarinsa yake.

Kana rarrafe a lokacin, don haka abin da ka sani shi ne abin da kowa ya sani: an sace shanun tsoho, ya bi sawu, ya dawo ba lafiya. Gaskiya ne, amma a gajarce. Mahaifiyarka ta ji sauran tun a makon. Kai ne dai ba ka kai ji ba sai yanzu.

Shekarun farko ne na shari'a. Mutane sun saki jiki ƙwarai, ana ta cewa ɓarawo ya tuba tunda ya ji ana maganar yanke hannu. Kakanka yana ƙauyensu can bayan Sandamu, yana da shanun huɗa biyu, su ne gonarsa, su ne rumbunsa. Da can kusa da turkensu yake shimfiɗa tabarmarsa, amma a shekarar ya koma ɗaki, ya ce yanzu doka ce ke gadi. Wata safiya aka tashi, turaku ba komai sai guntayen igiya. 'Ya'yansa maza duk suna kudu. Namijin da ya rage masa ni ne, mijin 'yarsa, wanda bai taɓa haɗa ido da shi ba tun ranar ɗaurin aure.

Na iso a keke na same shi tsugune a bayan gari yana duban ƙasa. Tsohon nan ya san sawu. Ɗaya daga cikin shanun kofatonsa na baya ya ɗan karkace, ya nuna wurin da sanda. Ba ni ya nuna wa ba. Haka muke magana da shi: ya faɗa wa iska, ni in tsinta.

"Arewa suka yi," in ji shi. "Sawu kuwa ba a binsa a kan keke. Mai zuwa ya ajiye ƙarfensa."

Na jingine keken. Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ƙara gaya wa iskar: "In Allah Ya sa an gan su, shanuna kawai nake so. Ba zan kai ɗan kowa gaban alƙali a raba shi da hannunsa saboda sa ba."

Tun a ƙofar gida na fara ɓata lamarin. Kakarka ta turo jarka biyu ta bayan ƙyaure, ƙanana, an naɗe su da tsumman buhu don ruwan ya yi sanyi. Na ɗauki ɗaya na bar ɗaya. A ganina bai dace dattijo ya rataya kaya ina tare da shi ba, biyu kuwa za su yi mini nauyi ga ƙunshin guzuri, kuma a raina kafin la'asar mun dawo. Don haka ka ji wannan: kai da Alhaji kowa ya riƙe ruwansa a jikinsa. Ɗaukar masa buhu, ɗaukar masa tabarma, amma jarkarsa ta zauna a kafaɗarsa. Mutumin da ruwansa ke hannun wani sai ya buɗe baki kafin ya sha, kuma akwai bakin da ba ya buɗuwa a gaban suruki.

Muddin muna ratsa garuruwa ba mu ji komai ba. Duk inda muka yi sallama, mutane na ganinmu sun gane, tsoho a gaba, saurayi a baya da tazara, ba mai kallon wani. Sai a shigar da shi zaure wajen dattawa, ni a ja ni gindin bishiya wajen samari, kowa a kai masa farau-farau da abin taɓawa. Ba mu san su ba, ba su san mu ba. Wani ma ya bar sharar gonarsa ya taka mana har inda sawun ya fita daga garinsu. A lokacin ban lura ba cewa ba mu ne ke riƙe da kunyarmu ba, gari ne ke riƙe mana ita. Al'adar nan ta ƙin ci da sha a gaban suruki, an yi ta ne a inda akwai zaure da katanga da bayan ɗaki. Daji ba shi da ko ɗaya.

Da muka wuce Mai'adua muka tsallaka iyaka, garuruwa suka fara nisa da juna. A bakin wani ƙauye, na ƙarshe kafin fili ya buɗe, akwai randa a gindin aduwa, an binne gindinta a yashi, ga moɗa ɗaure da igiya. Irin wadda bayin Allah ke ajiyewa sadaka don matafiya. Kakanka ya rage sauri da ya zo daidai da ita, na gani da idona. Sai ya tuna ina bayansa, ya wuce. Ni kuma na zo, na ga yana gabana, in ya waigo zai gan ni da moɗa a baki, na wuce. Ko jarkar ban ƙara wa ruwa ba, wai ina jin nauyin kwashe ruwan sadaka. Wanda ya cika randar nan da asuba don irinmu ya cika ta, mu kuwa muka hana shi ladansa muka hana kanmu ruwa. Duk inda ka ga randa a hanya, tsaya. Sha, cika abin hannunka, yi wa mai ita addu'a. Kada ka ce sai ta gaba, ba kullum ake samun ta gaba ba.

Daga nan muka shiga wani wasa, ni da shi, wanda har yau in na tuna sai in ji haushin kaina da nasa. In rana ta take, sai in ajiye jarkar a gindin wata 'yar bishiya in ce, "Bari a duba ko sawun ya karkata ta can." In yi nisa, in juya baya, in daɗe ina kallon ƙasar da ba komai a kanta. In na dawo sai in ɗaga jarkar in ji ta ɗan ragu, in ce alhamdulillahi, tsoho ya sha. Shi ma sai ya ce zai zaga, ya bar ni da ita. Ni kuwa in jiƙa leɓe kawai in rufe, ina cewa ni saurayi ne, zan jure, a bar wa dattijo. Ashe shi ma lissafinsa ke nan. A ganinsa ni ne mai ɗauke da kaya, ni ne mai ƙaramin ɗa a gida, shi ya riga ya ci zamaninsa. Abin da nake ji ya ragu, alwala yake yi da shi.

Ka ga wauta biyu a wuri ɗaya. Addini ya yi mana sauƙi, ga ƙasa mai tsarki ko'ina, wanda ke tsoron ƙishirwa taimama aka ce ya yi. Kakanka ya fi ni sanin haka. Amma in ya yi taimama a gabana, ya faɗa ke nan cewa ruwa ya yi ƙaranci, kamar yana zargina da barin jarka ɗaya a gida. Ni kuma na ga damshi a gemunsa ban tambaya ba. Kada ka auna shan mutum da nauyin jarka. Dubi leɓensa, dubi idonsa, ji yadda muryarsa ke fita. In ka ga dattijo ya daina gumi a tsakiyar rana, ya daina zagawa, ba ƙarfin hali ba ne, jikinsa ne ke bushewa.

Aka kwana, aka tashi, sawu yana ta janmu. Wani hantsi muka faɗa kan rijiya, mai zurfin gaske, makiyaya na jan guga da raƙumi suna zuba wa shanunsu a komi. Nan sawun namu ya ɓace cikin na garkensu. Ina ganin haka zuciyata ta yi baƙi, na ce su ne ɓarayin. Wani dogo a cikinsu, mai rawani, ya bar igiya ya zo da ƙwarya cike, ruwa na zuba ta gefe. Ya durƙusa ya miƙa wa kakanka.

"Sannunku da rana, Baba. Bismillah."

Kakanka ya dubi ruwan. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Fili ne fetal, ba inda zan ɓuya, kuma ban yi hankalin in tafi bayan raƙumi ba.

"Alhamdulillahi," in ji shi. "Mun sha a baya."

Mutumin ya juyo wajena. Ni ma na ce alhamdulillahi, har da ɗaure fuska.

"To kawo jarkar in cika maka."

"A cike take," na ce, na mayar da ita bayana. Ba zan sha ruwan ɓarayi ba, abin da ke raina ke nan.

Ya daɗe yana dubanmu. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya ce ya ga shanun da muke nema, mutum biyu sun shayar da su a nan suka yi gabas. Ya ce gabanmu ba rijiya sai an yi tafiya mai nisa, mu zauna rana ta yi sanyi, in ya gama shayarwa zai raka mu. Na raɗa wa iska cewa so yake ya riƙe mu 'yan'uwansa su yi nisa. Kakanka ya zagaya rijiyar, ya tsinci karkataccen kofaton a gabas, daidai inda mutumin ya nuna. Gaskiya ya faɗa. Amma na riga na ce jarka a cike take, komawa in ce ƙarya na yi ya fi ƙarfina, muka wuce.

Ɗana, wanda aka yi wa sata kowa ɓarawo ne a idonsa, wanda ya ɗauko dukiya ma haka. Za ka koro dabbobin mutane, za ka ji kana zargin duk wanda ya yi maka sallama. Yi hattara, ban hana ba, amma kada zargi ya kai ka ga ƙin ruwa. Kuma wannan "alhamdulillahi, mun sha" da muke yi don kara, ka bar ta a gida wajen biki. A daji in an ce bismillah, ka ce na gode ka karɓa tun a tayin farko.

Bayan azahar kakanka ya fara karkacewa daga sawun. Mutumin da ke ganin kofato a kan tsakuwa, sai ga shi yana bin hanyar da ba komai. Ya tsaya, ya dogara sanda, sandar ta zame, ya zube. Na ruga na ɗago shi. Jikinsa zafi kamar tukunyar da aka sauke, ba ɗigon gumi, leɓensa ya tsattsage ya yi fari. Na ja shi ƙarƙashin wata 'yar sabara, na buɗe jarka na kai bakinsa. Ruwan bai fi ya cika moɗa biyu ba, ya yi ɗumi. Ya buɗe ido, ya ga ni ne, ya kau da kai.

"Na sha," in ji shi.

A nan ya kamata in matse masa baki in ɗura, ya tsine mini in ya so. Ban yi ba. Na yi abin da na saba: na rufe jarkar, na murɗe murfin da ƙarfi don kada ya zube, na ajiye kusa da hannunsa, na ce bari in duba gaba.

Wannan karon da gaske nake dubawa, mutane nake nema. Na bar sawun shanu. Can na ci karo da sawun jaki ya ratsa, iri biyu, na tafiya da na dawowa. Ɗaya bai shiga ƙasa sosai ba, ɗaya ya nutse, ga sawun ƙafar mace a gefensa. A 'yan kwanakin nan na tsinci abin da kakanka ke faɗa wa iska, na san jakin da sawunsa ya nutse kaya ya ɗauko, kuma a dajin nan ba abin da mace ke ɗora wa jaki sai ruwa. Na bi mai zurfin. Ka riƙe wannan: in ruwa ya yanke maka, bar hanyar dabbobinka ka nemi ta jaki, in da yamma ne ka dubi inda kurciyoyi ke nufa.

Sawun ya kai ni wasu bukkoki 'yan kaɗan da dangar kara, ga wani babban gawo a ƙofar gida. Wata mata na sauke jarkoki daga kan jaki, ba yarinya ba ce, ba ta kuma kai tsohuwa ba. Na yi sallama, murya ta ƙi fita. Na nuna bayana da hannu na ce, "Tsoho." Ba ta tambaye ni ko ni wane ne ba. Ta sauke jarka ta ƙarshe, ta cika gora, ta ja jakin ta ce, "Wuce mu je."

Mun same shi yadda na bar shi, sai dai jarkar tana kan ƙirjinsa, hannunsa a kan murfin, murfin a rufe gam. Har yau ban sani ba ko ƙin sha ya yi, ko buɗewa ya kasa. Na fi shekara ashirin ina juya wannan a raina, kuma ba wanda zai ba ni amsa.

Ta jiƙa gefen zanenta ta shafa masa a kai da wuya, muka ɗora shi a jaki, ina tallafe da shi har gindin gawon. Mijinta ba ya nan, don haka a waje ta shimfiɗa mana. Ta shiga ta fito da ƙwarya, farau-farau ne mai ɗan tsami, ta durƙusa gabansa. Ya ɗan farfaɗo. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni ta gefen ido.

"Alhamdulillahi," in ji shi, da ƙyar.

Ta juyo da mamaki ta miƙo mini. Kai, ɗana, ka ji abin kunya na gaske: ni ma na ce alhamdulillahi.

Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa. Ta dube shi, ta dube ni, ta ga yadda kowa ya ba wani gefe.

"Baba, ɗanka ne wannan?"

"Mijin 'yata ne."

"Innalillahi!" Ta tafa hannu. "Mijin 'yarka? Ku biyu a dajin nan da jarka guda? To wa ke sha, wa ke kallo? Ashe ba mai sha!"

Ba ta yi mana wa'azi ba, ba ta kuma yi dariya ba. Ta ce da ni, "Kai, bawan Allah, tashi ka ciro mini zanar can." Zanar da ta rufe ƙofar gidanta ce. Na ciro, ta tsayar da ita tsakaninmu, ta tokare da turmi ta nan, da taɓarya ta can.

"To, na yi muku katanga. Baba, nan zaurenka ne, kai kaɗai ne a ciki. Kai kuma kana waje, ba ka ganin kowa, ba mai ganinka."

Ta zauna a bakin zanar, inda take ganinmu duka, ta raba farau-farau biyu. Shi da ludayi take ba shi. "Kaɗan-kaɗan, Baba, kada ciki ya mayar." Ina riƙe da tawa ƙwaryar ban kai baki ba, sai da na ji ƙarar haɗiyarsa ta cikin zana. Na ji ta farko, na ji ta biyu. Kuka ya zo mini, amma ido ya bushe, ba abin da ya fito. Sannan na sha.

Ruwan nan da ta yi ta ɗura mana, ta yi ta jiƙa masa jiki da shi, shi ne wanda ta wuni ɗebowa don gidanta da awakinta, daga rijiyar nan da muka ƙi sha. Washegari sai ta sake komawa. Ko sau ɗaya ba ta ambata ba. Ni kuma da hankalina ya dawo, sunanta ma ban tambaya ba, wai kunyar matar mutane. Yau in zan yi mata addu'a sai dai in ce mai zana. In baƙo ya yi maka alheri, tambayi sunansa da na garinsu, ko don ka san wanda za ka ambata a gaban Allah.

Da safe kakanka ya ce a miƙo masa sandarsa, sawu zai yi sanyi. Ko zama bai iya yi da kansa ba.

"Shanu sun tafi, Baba, bar su," in ji ta. "'Yarka in ta fito tarye, ba sa za ta fara nema da ido ba."

Ya haƙura. Ta aika aka kira ƙanen mijinta, mai amalanke, yana tsakiyar kai taki gona. Ya zubar da takin, ya share amalanken, ya shimfiɗa tabarma, ya ce zai kai mu bakin titi inda za mu sami mota. Wuni guda ne zuwa, wuni guda dawowa. Na kwance agogon hannuna na miƙa masa, don shi ke nan abin da nake da shi mai daraja.

"Mayar da abinka, Malam," in ji shi. "In na karɓa, matar yayana ba za ta bar ni in ƙara shiga gidan nan ba."

Ta cika mana jarka, ta ƙara da gorarta, ta ɗora zanar a kan sanduna ta yi mana rumfa. Muka kama hanya, shi a kwance, ni a zaune wajen ƙafafunsa na ba shi baya. Ƙafafun sun kumbura. Duk ruwan da ya sha tun jiya bai zaga ko sau ɗaya ba, kuma na san wannan ba alama ce mai kyau ba. Ina ta addu'a a raina Allah Ya kai mu gida da shi.

Rana ta yi tsaka, amalanke na ta girgiza, sai na ji an ce, "Haruna."

Na ɗaga kai ina neman mai kirana a dajin. Sunana ne, amma ban taɓa jinsa da wannan muryar ba.

"Na'am, Baba."

"Ba ni ruwa."

Na juyo. Na tallafo kansa a hannuna, na kai gorar bakinsa. Ya sha, idonsa a cikin nawa, bai kau da kai ba. Da ya ƙoshi ya turo mini gorar.

"Sha."

Na soma juya baya. Ya kama hannun rigata, riƙon ba ƙarfi, amma ya riƙe.

"A nan. Ina so in gani."

Na sha a gabansa, ruwa na bin haɓata. Ya yi ta kallona har na sauke. Sannan ya mayar da kansa kan tabarma ya ce, "Da tun farko haka muka yi."

Bai ƙara kiran sunana ba. Mun kai titi, mun sami mota, mun kai shi asibiti a Daura. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, suka ce ƙodarsa ta riga ta tsaya. Ya rasu kafin ruwan farko ya sauka. Gonarsa a shekarar da garmar hannu na huɗe ta, shanun kuwa ko labarinsu ba a ƙara ji ba.

To, ga abin da na ari biro dominsa. Ba kullum Allah ke ajiye wa mutum mace mai zana a tsakiyar daji ba, mu ma da muka same ta mun makara. Kada ka jira ta. Ranar da za ku tashi, tun ba ku bar ganin rumbunan gari ba, tun ba wanda ya ji ƙishirwa, ka sha gaban Alhaji, ka tsaya inda zai gan ka sosai. Buɗe jarkarka ka sha, sha na gaske, har ya ji ƙarar haɗiyarka. Sannan ka ce, "Baba, bismillah, a sha kafin a yi nisa," kuma kada ka gusa sai ya sha. Kunnuwanka za su yi zafi, za ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige. Zai ɓata rai, wataƙila ya wuni bai yi maka magana ba, wataƙila in kun dawo a ji a gari cewa mijin 'yar Alhaji ba shi da ta ido. Bar su su faɗa. In ya tambaye ka wa ya koya maka wannan rashin kunya, ka ce masa ubanka ne, kuma ya zo ya same ni.

Allah Ya jiƙan kakanka, Ya shayar da shi daga tafkin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Allah Ya saka wa mai zana da mai amalanke da mutumin bakin rijiya da mai randar gindin aduwa, a duk inda suke, a raye ko a ƙasa. Kai kuma Allah Ya yi maka albarka, Ya sassauta muku rana, Ya kusanto muku da rijiyoyi, Ya haɗa ku da mutanen kirki, Ya ba ku bakin karɓar alherinsu. Na ba Allah ajiyarku, kai da surukinka, Ya maido mana ku duka biyun lafiya. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Haruna